Kwalliyar idon nan ta 'yan talla, in koya ko in bari?

Tambaya: Salam Anti, ni mai kwalliyar amare ce a Zariya. Ina yawan ganin hotunan 'yan tallan kaya a Instagram an ja musu layi daga gefen ido har kusan kunne, wani fari wani ruwan ɗorawa, wani ma a saman fatar ido kamar an sa rula. Yana burge ni amma wallahi ban ga kwastomar da za ta yarda ba. In koya ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Ki koya mana, amma ki san don kyamara ake yin ta ba don zaman ɗaurin aure ba, in kika yi wa amarya dangin ango sai sun tambayi ko lafiya. Mai yin irin wannan ba gyara fuska take ba, zane take a kanta, shi ya sa za ki ga ba jambaki mai nauyi, hodar ma sama-sama, an bar wa ido fili shi kaɗai.

Kuma ba sabon abu bane. Tun shekarun 1960 wata 'yar tallan kaya mai suna Twiggy a Landan take zana gashin idon ƙasa ɗaya-ɗaya da hannu ta ja baƙin layi a lanƙwasar fatar ido, sai idon ya fito ƙato a hoto. Ki nemi aikin Pat McGrath ki kalla, baƙar fata ce 'yar Ingila, ta yi shekaru tana wa 'yan tallan kamfanin tufafi na Dior kwalliya zamanin da John Galliano ke tsara tufafin kamfanin.

Wajen yi ne mutane ke shan kashi. Ki sa yarinyar ta buɗe ido tana kallon gaba sannan ki ɗiga alama, don in kika zana tana rufe da ido tana buɗewa layin zai karye ko fata ta haɗiye shi, musamman mai kumburarriyar fatar ido. A fatarmu kala mai haske dishewa take, sai kin fara shimfiɗa fari a ƙasa sannan ki ɗora ɗorawar ko shuɗin. Siririn burushi, gwiwar hannu a kan tebur, auduga a kusa. Ki ɗauka da wayarki da filashi kafin mai hoto ya zo, abin da idonki ya yafe kyamara ba ta yafewa.

Don Allah banda fentin zanen 'yan makaranta, na ga masu yi, kuma kwallin dutse na kasuwa sau da yawa akwai dalma a ciki, ki sayi wanda aka yi don ido. Kuɗin kuwa yana wajen masu ɗinki da 'yan situdiyo da ke son hoton talla, su za ki kai wa hotunan.