Tambaya da Amsa: Na ƙara wa kwamfuta aiki, katin hoto ya rage gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na sa manhajar BOINC a kwamfutata ta tebur domin masu binciken kimiyya su ari ƙarfinta lokacin da ba na amfani da ita. Furosesar tana da hannu takwas (wato cores, sassan da kowanne ke iya riƙe aikinsa daban), akwai kuma katin hoto RTX 3060. Katin na yi wa Einstein@Home, shirin binciken taurari, aiki, furosesar kuma Rosetta@home, shirin binciken furotin. Tun da na sakar wa Rosetta hannuwan takwas duka, aikin da katin ke gamawa cikin minti 20 ya koma minti 30 da wani abu. Ko katin ne ya fara lalacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, lafiyar katinka ƙalau. Yunwa ce ke damunsa.

Ka san injin niƙa. Kome ƙarfinsa, sai da yaron da ke zuba masa hatsi, in kuwa ka aiki yaron kasuwa, injin zai yi ta ƙara a banza. Haka katin hoto yake. Yana da dubban ƙananan ma'aikata masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda, amma furosesa ce ke shirya masa bayanai, ta miƙa, ta karɓi sakamako. Da ka cika hannuwa takwas da naɗe-naɗen furotin na Rosetta, mai zuba hatsin sai ya bi layi kafin ya samu sarari. Katunan Nvidia ma sun fi damuwa da wannan, domin a manhajoji da yawa masu amfani da OpenCL, hanyar da manhaja ke bi ta ba kati lissafi, hannu guda kan tsaya cur yana jiran kati, ba ya taɓa wani aiki. Shi ya sa Folding@home, wani shirin binciken furotin mai manhajarsa daban, wanda aka fara a Jami'ar Stanford a 2000, yake ware wa kowane kati hannu ɗaya da kansa. BOINC, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, takan bar maka wannan shawarar.

Gyara mafi sauƙi yana cikin saitin lissafi, wurin da ake zaɓar kashi nawa na hannuwan furosesa za a yi amfani da su. Sa 88, BOINC za ta ɗauki bakwai ta bar ɗaya. In bai isa ba, sa 75 ta bar biyu. Amma ka lura, kusa da shi akwai wani gurbi na kashin lokacin furosesa. Wannan ba ya 'yanta kowane hannu, tsayar da ayyukan yake yi yana sake su kowane 'yan daƙiƙu. Ni kaina na ɓata sati guda ina juya shi ina mamakin rashin canji.

In kana son abin ya fi tsafta, rubuta ɗan fayil mai suna app_config.xml a cikin jakar aikin Einstein, ka sa cpu_usage ya zama 1. Ma'anarsa, duk lokacin da katin ke aiki a cire masa hannu ɗaya daga lissafi, in ya tsaya hannun ya koma wa Rosetta. A nan ne kuma ake sa gpu_usage ya zama 0.5 domin katin ya riƙe aiki biyu lokaci guda, yayin da ɗaya ke jiran furosesa ɗayan na ci gaba. Wani lokaci akwai riba, wani lokaci babu. Kada ka yarda da lambar kowa, har tawa. Rubuta lokacin ayyuka goma a takarda, canza abu ɗaya tak, ka sake ƙirga goma. Idan biyu a haɗe sun gama cikin minti 36, kowanne ya ci 18 ke nan, ka ci riba. Idan sun kai 42, koma ɗaya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna. Katinka na iya jan wat 170. In ya yini ya kwana a haka, yunit huɗu ke nan a mita, ban da furosesa. Da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta shawarwarin da ke intanet a ƙasashen sanyi suke, zafin kwamfuta ɗumama musu ɗaki yake yi. Kai kuma ga Maris da Afrilu na Zariya. Buɗe MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto, ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 75 ko 80, gudun da za ka rasa kaɗan ne idan aka kwatanta da zafin da zai sauka. Idan da sola kake, BOINC na da jadawalin sa'o'i: bar ta ta yi aiki daga goman safe zuwa huɗun yamma, kada ta shanye maka batir da dare. Kada kuma ka tara aikin kwana da kwanaki, tun da kowanne na da wa'adi, ɗaukewar wuta kuwa ba ta sallama.

Saboda ƙurar hunturu, kafin ka taɓa kowane saiti, cire murfin akwatin ka dubi fankar katin. Wanda na buɗe a bara, ƙurar da ta toshe shi ta yi kauri kamar auduga.