Daga Jidda Zuwa Abha A Babur: Wace Safar Hannu Zan Saya?

Wani matashi ɗan Gusau da ke aikin kai saƙo a babur a Jidda ya rubuto mini. Shi da abokansa biyu za su yi hutun watan Janairu a kan hanya: su hau babur zuwa Abha, su dawo ta Baha da Ɗa'ifa, su yi umara. Safar hannun da yake aiki da ita ta zare ce, irin ta masu dakon kaya. Yana tambaya ko ta isa, ko ya sa a ɗinko masa ta fata daga gida, don yana jin nauyin kashe kuɗi a kansa alhali mahaifiyarsa na jiran saƙon wata.

Ƙanena, ta zaren nan ba ta isa ba ko a cikin Jidda, balle a hanyar da ta haura kilomita 600. Duk wanda ya faɗi daga babur, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa ba tare da ya yi shawara ba, kuma kwalta nan take take cinye zare. Da hannun nan kake matsa birki da kulochi, da shi kake nemo abin da kake aikawa Gusau. Sannan a ƙasar nan yatsunka ma takarda ne. Sai da aka ɗauki basma, wato zanen yatsu, aka ba ka igama, katin izinin zama, basmar ake nema wurin sayen layin waya, ita za ka ɗora a filin jirgi ranar komawa gida. Na taɓa raka wani yaro da fatar yatsunsa ta saɓule a hatsari, ya yi makonni na'ura ba ta gane shi, har yanzu abin na damuna in na tuna.

Tafiyar taku yanayi biyu ce, shi ya sa nake so ka sayi safa biyu. Daga Jidda ta Lis da Kunfuda bakin teku za ku bi, akwai zafi da damshi ko a Janairu. Amma da kun wuce Muhayil kun fara hawan Akabar Sha'ar, hanyar dutsen da ke haurawa Abha, komai zai canza. Abha tana sama da mita 2,200 a kan dutse, kuma duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6. Ga hazo, ga yayyafi ba sallama. Ƙari a kan haka, idan ma'auni ya nuna digiri 10 kana gudun kilomita 100 a awa, jikinka kamar digiri 4 yake ji. Yatsun da suka sandare ba sa kama birki a kan lokaci, kuma kwanar dutse ba ta jiran kowa.

Ta zafi ta zama gajera, bayanta raga ko fata mai ƙananan huji don iska ta shiga, amma tafinta lallai fata ce, an ninka ta a gindin tafi. Kada ka sayi mai yankakkun yatsu. Kada kuma zafi ya sa ka cire ta ka cusa a aljihu, domin gumi na sa hannu santsi a kan totur, rana kuma na ƙona bayan hannu. Wannan ita za ta ci gaba da yi maka aiki bayan hutu, har cikin bazara, lokacin da hukuma ke hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Ta sanyi ta zama doguwa har ta rufe wuyan hannu, mai shafi a ciki da ke tare ruwa amma yake barin gumi ya fita, kamar Gore-Tex ko makamancinsa. Kauri da yawa illa ne, in ba ka jin birki a yatsanka, ajiye ta. Idan ruwa ya tsuge, ka sa bakinta ƙarƙashin hannun rigarka, in ba haka ba ruwan da ke gangarowa daga damtse ciki zai zuba. Bayan alwala ka tsane hannu sosai kafin ka mayar, jiƙaƙƙen hannu kan jawo shafin ciki waje, mayar da shi kuwa sai an sha wuya.

A shago ka duba tambarin CE da lamba EN 13594 a jikin ƙyallen ciki. Ma'aunin Turai ne, yana da mataki 1 da 2, haruffan KP kuma na nufin an gwada kariyar gaɓoɓin bayan hannu. Ka ɗaure maɗaurin wuyan hannu ka ja safar da ƙarfi, in ta zame, a kwalta ma haka za ta zame. Ka riƙe kan babur da ita ka gani ko yatsu na tokare ƙarshe. Fata kan ɗan saki bayan kwanaki, yadi ba ya saki.

Maganar ɗinko ta daga gida ta faranta mini rai. Fatar jar akuyar Sakkwato abin alfahari ce, ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can fatake ke fitar da ita a da. Sai dai dukawanmu gwanayen takalmi da jaka ne, kuma ba a gwada ɗinkin a kan kwalta ba. Ka sa su yi maka jakar kafaɗa, safar kuwa ka sayi gwadaddiya.

Kafin ku tashi, ka tabbatar lasisinka na babur ne, don na mota ba ya wakiltarsa a wurin murur, wato 'yan sandan hanya. Igama da istimara, wato takardar rajistar babur, da inshora duk su zama da rai, ka duba su a manhajar gwamnati ta Absher. Idan babur ɗin na kamfani ne, ka nemi izini a rubuce. Inshorar ma'aikata ta GOSI raunin aiki take biya, ba na yawon hutu ba, saboda haka ka tambayi kamfani abin da katin asibitinka ya ƙunsa a wajen Jidda.

Batun umara kuma, mai harami ba ya rufe kai, ba ya sa safar hannu. Ina roƙonka kada ka cire hular kwano da safa ka gangara hanyar Hada daga Ɗa'ifa zuwa Makka a babur. Ku ajiye baburan a Ɗa'ifa, ku ɗauki harami a miƙati, ku shiga mota.

Ita kuma Hajiya mahaifiyarka, ka kira ta ka gaya mata gaskiya: saƙon wannan wata zai ɗan ragu, ga dalili. In kuɗin bai kai na biyu ba, ka fara da ta zafin mai kyau yanzu, ka ɗage tafiyar Abha sai ka samu ta sanyin. Ka gaishe mini da ita, ka ce ta sa ku a addu'a. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.