Shin dole ne 'yata ta sa hular kwano a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a arewacin Italiya. Makarantar 'yata mai shekara 12 za ta kai su tsaunuka na mako guda don koyon zamiya kan dusar ƙanƙara, an ce dole kowa ya zo da hular kwano. Dokar ƙasa ce ko tsarin makaranta? Tana da hular keke, ba za ta wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Dokar ƙasa ce, kuma ta daɗe. Tun a watan Disamba na 2003 majalisar Italiya ta zartar da ita, ta fara aiki a Janairun 2005 a kan yara 'yan ƙasa da shekara 14. A farkon 2022 aka ɗaga ta zuwa 18, sannan daga Nuwamban 2025 ta haɗa da kowa, yaro da babba. Wato ko ke kika ce za ki gwada, sai kin sa. Wanda aka kama kai ba hula akwai tara a kansa, ta yaro kuma iyaye ne za su biya.

Maƙwabta kowa da nasa tsarin. Faransa da Suwizalan da Jamus ba su wajabta ba. A Ostiriya jihohi ne ke yanke hukunci: yawancinsu sun tilasta wa yara har zuwa shekara 15, amma Tirol da Vorarlberg ba su bi sahu ba. Abin da ya zaburar da Ostiriya shi ne haɗarin ranar 1 ga Janairun 2009, lokacin da Dieter Althaus, firimiyan jihar Thuringia ta Jamus, ya yi karo da wata mata a kan gangaren zamiya a Ostiriya. Shi yana sanye da hula, ya ji mummunan rauni amma ya rayu. Ita ba ta sa ba, ta rasu.

Hular keke kuwa, ki ajiye ta a gida. Ta zamiya tana rufe ƙeya sosai da gefen kai, ba ta da manyan ramukan shan iska da tsinin sanda ko reshe zai iya ratsawa, kuma an gwada ta cikin tsananin sanyi. Ki leƙa cikinta ki ga alamar CE da lambar EN 1077, shaidar cewa ta cika ƙa'idar Turai ta hular zamiya. Na tuna shekarar da aka tilasta wa 'yan acaɓa hular kwano a Najeriya, wasu suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya. Hular keke ba ta kai ƙwarya lalacewa ba, sai dai kowace da irin faɗuwar da aka yi ta dominta. Ba sai kin saya ba ma, shagunan da ke bayar da hayar takalma da sanduna suna bayar da hula.

Inda iyaye suka fi kuskure shi ne awo. Mun saba saya wa yaro kaya da ɗan girma don ya shekara biyu yana sawa. Ban da hula. Idan ta yi yawa, da an faɗi za ta goce ta bar goshi a fili. Ki auna zagayen kanta da tef ɗin tela, kaɗan sama da gira, kuma ki yi awon bayan an yi mata kitson da za ta tafi da shi. Kitson ya kwanta, ba tulin gashi ko duwatsu a ƙeya. In tana sa hijabi, a samu marar kauri mai kama kai, kada a cusa hular sanyi mai kauri a ƙarƙashi. Idan ta girgiza kai hular ba ta motsa ba, kuma yatsa ɗaya ko biyu kawai ke shiga ƙarƙashin maɗaurin haɓa, ta yi daidai.

Amfaninta a fili yake. Wani nazari da aka buga a Kanada a 2010, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna hula na rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 35 cikin 100, kuma ba ta ƙara raunin wuya kamar yadda wasu ke tsoro. Amma tana da iyaka, don ana gwada ta ne a gudun kusan kilomita 20 a awa, yaron da hannunsa ya faɗa kuwa yakan wuce haka. Shahararren direban tseren mota Michael Schumacher yana sanye da hula lokacin da kansa ya bugi dutse yana zamiya a Meribel ta Faransa a Disambar 2013. Likitocinsa sun ce ba don ita ba da bai kai asibiti da rai ba, duk da haka raunin ya yi tsanani.

Abin da na fi so ki ja mata kunne a kai shi ne, in kanta ya bugu ta faɗa wa malami nan take, ko da ba ta jin komai. 'Yar wasan kwaikwayo Natasha Richardson ta faɗi a gangaren 'yan koyo a Kanada a Maris ɗin 2009, ta tashi tana magana lafiya ƙalau, ashe jini na taruwa a cikin kai, bayan kwana biyu ta rasu. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci ko rikicewar magana, duk na asibiti ne ba jira. Hular da ta sha bugu mai ƙarfi kuma a canza ta, ko ba a ga tsagewa ba.

Kafin tafiyar, ki tambayi makarantar batun inshora. Dokar da ta fara aiki a 2022 ta wajabta wa duk mai zamiya a Italiya inshorar biyan diyya idan ya ji wa wani rauni, kuma ana iya sayenta tare da tikitin hawa tsaunin. Allah ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya.