Tambaya da Amsa: 'Yata ba ta gani, anya za ta iya zaman makarantar kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. 'Yata shekararta 10, ƙyanda ce ta tafi da idanunta tun tana ƙarama. An ba mu shawarar kai ta makarantar makafi ta Gindiri da ke nan jihar Filato, amma har yau ni ke yi mata wanka, ni ke sa mata kaya. Kakarta ta ce raba ta da gida rashin imani ne. Wallahi ko barci ba na iya yi. Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri, kuma shawarata ki kai ta. Makarantar Gindiri 'yan mishan na Sudan United Mission (SUM) ne suka kafa ta tun 1953, akwai kuma ta gwamnati a Jabi, Abuja. Kowacce kika zaɓa, ki je da ƙafarki ki duba banɗaki da ɗakin kwana, ki san wace ce ke kwana da 'yan mata, ki tambayi yadda ake da salla da magani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wankan nan. Kullum da shi muke fama. An ɗauka makaho ba ya taɓa wuƙa, ba ya kusantar murhu, ba ya fita sai da ɗan jagora, sai a zaunar da yaro a tabarma ana kawo masa komai, ana cewa tausayi. Idonta kaɗai ƙyanda ta ɗauka. Hannunta da kunnenta da hankalinta lafiya lau suke, zaman tabarmar ne ke kashe su. Yarinyar da ba ta iya wanke jikinta ba, ranar da ta fara al'ada wa za ta kira? Wadda kullum sai an riƙe mata hannu, ta yaya za ta ce wa mugu a'a, alhali da shi ta dogara ta kai bakin titi? Wannan ne haɗarin da Hajiya kakarta ba ta hango ba, ki faɗa mata cikin ladabi.

Abin takaici, malamai su sha wahala yarinya ta iya shara da wanki da gyaran gado, a zo hutu a ƙwace mata tsintsiya, a jefa farar sandarta bayan ƙyaure wai kada maƙwabta su gani. Ta koma makaranta a sake daga farko. Ga masu yawo da kwalabe suna cewa za su buɗe ido da tozali ko ɗiga ruwan ganye, suna cinye kuɗin da ya isa sayen sanda da allon Braille, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsa. Maganar ido ta likitan ido ce. Su kuma masu raɗa miki cewa bara ce gadon makaho, ki toshe kunnenki. Tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ilimi haƙƙinta ne.

Ki fara tun gobe. Ki tsaya a bayanta, ki ɗora hannunki a kan nata ku yi aikin tare, sannan ki janye. Soso, sabulu, buta, takalmi, kowanne ya samu wurinsa, kada kowa ya gusar bai gaya mata ba. Ƙofa a buɗe ta duka ko a rufe ta ruf, wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi. In za ta zuba ruwa a kofi, ta sa yatsa a bakinsa ta ji ya cika. Ki ɗinka maɓalli a cikin wuyan rigarta ta gane gaba da baya, ki haɗa har da rigar sanyi, kin dai san hunturun Filato. Ta koyi naɗe ₦200 daban da ₦500. In kuna tafiya kada ki ja ta, ita za ta riƙe ki a saman gwiwar hannu, tana ɗan baya da ke. Za ta zubar da miya, za ta yi kuka, ki daure ki bar ta ta sake gwadawa, wankan kuma ki tsaya a bakin ƙofa kina gaya mata da baki har ta gama.