Tambaya da Amsa: Farantin Tangaran Mai Shuɗi da Fari, na Sin ne ko na Farisa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kwanuka da farantai a Agege, a kasuwar Balogun nake saro su. Wata mai sayayya ta dage cewa tangaran mai zanen shuɗi da fari asalinsa na Farisa ne, ni kuwa na san daga Sin ake kawo shi. Wa ke da gaskiya? Daga wata 'yar kasuwa, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kowaccenku tana da tata gaskiyar, kuma tambayar nan ta yi mini daɗi ƙwarai.

Laka da gashinta a wuta na mutanen Sin ne. A garin Jingdezhen suke haɗa farar laka da garin wani dutse, su gasa a wutar da zafinta ya kai wajen digiri 1,300. Amma shuɗin da suka fara zane da shi a ƙarni na 14 daga ma'adinin kobal yake, wanda fatake ke ɗaukowa daga Farisa, wato Iran ta yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne girman farantan wancan zamani. Basine da ƙaramin kwanonsa yake cin abinci. Waɗannan faffaɗan kuwa don Musulmi aka yi su, masu zama a kewaye akushi ɗaya kamar yadda muke yi. Sarkin Farisa Shah Abbas ya tara irinsu ɗaruruwa, ya yi waƙafinsu ga hubbaren kakansa da ke Ardabil a farkon ƙarni na 17. Yawancinsu yanzu suna gidan tarihi na Tehran. Maginan tukwane na garin Kirman da ke Farisa ma sun riƙa kwaikwayon zanen, wataƙila nan mai sayayyarki ta samo maganarta.

A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai dogayen tuluna biyu masu rubutun da ya nuna shekarar 1351. Mariƙinsu siffar kan giwa ne, ga wani macijin almara ya naɗe cikinsu. Da hannu aka zana kowane layi, sannan aka shafe da ruwan ƙyalli aka gasa, shi ya sa launin bai koɗe ba har yau.

Na kasuwa a yanzu yawanci inji ne ke buga zanen. In kina son gane tangaran na ƙwarai wajen sari, ki ƙwanƙwasa bakinsa da farce, za ki ji ƙara siririya mai ɗan daɗewa. Ki kuma ɗaga shi saitin rana: in marar kauri ne, za ki hango inuwar yatsunki ta bayansa.