SWR ko TanStack Query? Ga abin da na gani a aikace

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka ɗauka wajen janyo bayanai daga saba a aikinka na React (kayan aikin gina fuskar manhaja), laburaren SWR ko na TanStack Query, kuma wanne ne jagorarsa, wato rubutaccen bayanin yadda ake amfani da shi, ta fi saukin fahimta. Duka biyun na yi aiki da su.

SWR na kamfanin Vercel ne, ba shi da nauyi, jagorarsa kuwa kana iya karance ta a zama ɗaya tsakanin la'asar da magariba. In manhajarka nuna bayanai kawai take yi, ya ishe ka. Da aiki ya kai ga turawa da gyarawa da gogewa, ni dai TanStack Query na koma, don jagorarsa ta fi shiga lungu da saƙo.

Sai dai a jagorar TanStack Query akwai shafin da nake roƙonka kada ka tsallake, mai suna Important Defaults. Ni na tsallake shi, na kuwa ɗanɗana kuɗata. Na haɗa wa wani mai kantin kayan masarufi manhajar lissafin kaya, bayan mako guda ya kira ni: "Malam, abin nan naka shan data yake kamar me." Ashe staleTime, lokacin da bayanai ke yi kafin a ɗauke su tsofaffi, a sifili yake zuwa, wato da bayanai sun iso an ɗauke su tsofaffi. Duk sanda ya leƙa WhatsApp ya dawo, sai a sake janyo jerin kayan gaba ɗaya. Layi ɗaya na gyara, na mai da shi minti 5, magana ta mutu. A shafin nan ma aka rubuta cewa in janyo bayanai ya gaza sai ya sake gwadawa sau 3 kafin ya nuna kuskure. Da irin sabis ɗinmu, mutum sai ya zaci manhajar ta daskare.

Ka kuma lura da sigar da kake karantawa. TanStack Query ɗin nan, a da React Query ake kiransa, a 2022 aka sauya sunan. Siga ta 5 da ta fito a Oktoban 2023 ta cire onSuccess (abin da ke gudana in bayanai sun iso lafiya) daga useQuery, umarnin da ake janyo bayanai da shi, saitin cacheTime kuma aka sauya masa suna zuwa gcTime. Tsofaffin bidiyoyin YouTube ba su san da wannan ba, sai ka kwafa ka yini kana neman laifin da ba naka ba.

Inda jagorar ta taƙaita, nemi rubuce-rubucen TkDodo, ɗaya daga cikin masu kula da laburaren. A wurinsa na fahimci yadda ake tsara queryKey, wato sunan da ake ba kowane rukunin bayanai don a gane shi, bayan na yi wata biyu ina rubuta shi da ka.