Ga 'yar da ta yi tambaya kan mahaifinta da ya yi karatu a Kiyef

Salamu alaikum. 'Yata, sau uku na karanta tambayarki kafin na iya amsawa. Kin ce mahaifinki yana Kiyef, babban birnin Yukuren, a 1986 lokacin da tashar nukiliya ta Canobil ta fashe, yanzu wuyansa ya kumbura, ga dangin mai neman aurenki sun fara ƙus-ƙus wai jininku ya lalace. Wallahi kamar labarina kika rubuta.

Ni ma ina can, ina shekara ta biyu a karatun injiniya. Abin ya faru cikin dare, wayewar Asabar 26 ga Afrilu, amma ba wanda ya ce mana uffan. Washegari aka kwashe mutanen Firifiyat, garin da ke dab da tashar, mu da ke nesa da wajen da kusan kilomita 100 muna ta zuwa aji. A rediyon waje muka ji wai Suwidin ta gano tururin nukiliya a iskarta. Ranar 1 ga Mayu har da yara aka fito fareti. Gorbacof, shugaban Tarayyar Sobiyet, bai buɗe baki ba sai 14 ga wata. 'Yan gari suna ta cewa jar giya ce magani, mu dai shayi muka yi ta sha muna addu'a.

Amma ba a Kiyef na sha wuya ba, a gida ne. Na dawo Mai Wurno, a nan Sudan, na nemi aure, an kai gaisuwa, an sa rana. Saura mako uku kawun yarinyar ya tashi a gaban manya ya ce wanda ya shaƙi iskar Rasha ba ya haihuwa, in ma ya haifa to nakasasshe ne. Mutumin nan ko Sinnar bai cika wucewa ba, amma shi aka saurara. Aka mayar mana da kaya a amalanke, da rana tsaka, kowa na kallo. Har yau ina jin ƙarar akwatin da aka dire a ƙofar gidanmu. Inna ta shiga ɗaki, kwana biyu ba ta ci ba. A gidan wani ɗan uwa har moɗa daban aka ware mini. Kawun nan ya rasu, na je jana'izarsa, na yafe da baki, zuciyar ce har yanzu take gardama. Yau 'ya'yana shida, duk lafiya lau, ga jikoki.

Ki gaya wa dangin yaron, tururin ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kamar mura. A 2021 masana sun binciki 'ya'ya 130 na waɗanda suka yi aikin share wajen ko suka zauna kusa, ba su ga ƙarin lahanin gado ba. In sun ji duk wannan suka ƙi, ki bar su.

Maganar wuya kuwa, kada a yi wasa da ita, kada kuma a firgita. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne sinadarin aidin mai tururi da ya shiga madarar shanu, kuma yara ya fi kamawa. Zuwa 2005 an samu fiye da 6,000 da dajin gudda, wato ƙullin halitta da ke gaban wuya (thyroid), cikin waɗanda suke yara a lokacin, 15 suka rasu. Mahaifinki babba ne a lokacin. Kuma maƙoƙo ai ba baƙo ba ne a ƙasar nan, rashin aidin a abinci ma yana kawo shi. Ni ma an ga ƙullutu a wuyana, aka yi gwajin jini na TSH, mai nuna yadda gudda ke aiki, aka ɗauki hoton wuya, aka tsotsi kaɗan da allura, daga baya aka cire rabin guddar. Ba daji ba ne. Ku faɗa wa likita shekarar da garin. In muryarsa ta dushe, ko haɗiya na yi masa wuya, ko kumburin na girma da sauri, kada ku jira. Don Allah kada a kai shi wajen wanzami a tsaga.

Kin tambayi diyya. Yukuren ta yi doka a 1991, ta ba mutanenta kati da alawus. Ni na rubuta wasiƙu har na gaji, ko sisi ban gani ba, Tarayyar Sobiyet da ta ɗauke mu karatun ma ta rushe. Abin da ya riƙe ni sanduƙin taimako da muke zuba wa kuɗi ne mu tsofaffin ɗalibai. Tun da yaƙi ya kawo ni Gadarif, ƙwayar tairoksin ɗina, maganin gudda, ma wani ƙanena a Jidda ke aiko wa ta hannun masu dawowa daga umra.

Ki riƙa zama da shi kuna hira. Na san yadda yake kwana, ko ciwon kai ya yi sai ya ce shi ke nan, abin ya zo. Shekaru na yi a haka ban gaya wa kowa ba.

Ki tambaye shi a wane hostal ya zauna, ki turo mini ta akwatin saƙo. Ƙila ma mun ci asida a kwano ɗaya.